Ƙiyasin Mainasara da Garin Albasa

"Ni Mainasara, in na zauna ƙofar kamfani na ga kayan da ka hita, wallahi sai in gaya maka ribar mai shi ta wata ukku, har da canjin da ya manta cikin aljihunai."

Haka ya faɗa a teburin shayin Shittu da ke bakin kasuwar Wurno, yana kaɗa cokali a kofi kamar shi ya sayi sukarin. 'Yan majalisa suka dubi juna, kowa ya mayar da kai kan burodinsa.

In ba ka san Mainasara ba, abokina, Allah ya hutar da kunnenka. Manomin albasa ne, kuma tsakani da Allah manomi ne na kirki, don albasarsa ko a ina aka zube ta sai an tanka. Abin da ya ɓata shi wani taron bita ne na kwana huɗu da ya je a Sakkwato kan ƙananan sana'o'i. Ya tafi da hularsa kawai, ya dawo da jakar rataye, biro uku da kalkuleta mai girman faranti. Tun daga ranar ba ya cewa "ina gani", sai dai "bisa ƙiyasina". Mutanen unguwa suka sa masa Furofesan Fadama, shi kuma bawan Allah ya ɗauka girmamawa ce, har yana amsawa. Shi ne fa wanda ya ƙiyasta mutum arba'in za su zo sunan ɗansa, aka zo ɗari biyu da ɗoriya, har liman ya tashi da ruwan sanyi kawai a cikinsa.

To, a shekarar da nake ba ka labari, Mainasara yana da albasa buhu arba'in a rumbun ajiya. Ita ce noman shekararsa kaf, ita ce cin gidansa, ita ce kuɗin taki da iri na baɗi. Kusa da ita akwai buhu ashirin na yayarsa Hassana, wadda suke noma fadamar gado tare. Kowa a ƙasar nan ya san yadda ake yi da albasa. Lokacin kaka ba ta da daraja, ko ka ba mutum kyauta sai ya tambaye ka wa zai ɗaukar masa. Sai ka adana ta, ka riƙa juyawa kana tsince ruɓaɓɓu, ka yi haƙuri har damina ta yi nisa, sannan kuɗinta ya tashi. Mainasara ya san wannan tun yana ɗan tsirara. Amma taron bita ya ce masa ajiya aikin mutanen da ne, mai ilimi hannun jari yake zubawa.

Ana cikin haka ya ji labarin Hajiya Ruƙayyatu tana neman wanda zai sa jari a ɗan kamfaninta. Kamfanin Daɗin Tukunya sunansa, a bayan gari yake, ɗaki uku da injin busarwa ɗaya. Abin da suke yi shi ne su yanka albasa, su busar, su niƙa ta gari, su zuba a 'yan robobi, su shirya a kwali. Suna da mota ɗaya mai buɗaɗɗen baya da lasifika a kai, direbanta Uwaisu, wani dogon mutum mai furfura a gemu wanda magana ba ta dame shi ba. Shi ke zagaya kasuwanni da kayan, yau Wurno, gobe Rabah, jibi Goronyo, har Rimawa yana leƙawa.

Hajiya Ruƙayyatu mace ce mai gaskiya, wannan kam zan rantse maka. Ranar da Mainasara ya je, da kanta ta ɗauko littafin ciniki ta ajiye masa a gaba, ta ce ya duba da kyau, don kasuwar ba ta kai yadda take so ba, jarin ma tana nemansa ne don ta gwada kai kayan birane masu nisa. Mainasara ya sa yatsa ɗaya ya tura littafin gefe, yana murmushin nan nasa na wanda ya gano bakin zaren.

"Hajiya, mu da munka yi karatun abin, ba mu duba littahi. Mai kamfani duk ɓoye riba shikai. Ni idona za ni aiki da shi."

Hajiya ta ce to, Allah ya ba ido sa'a.

Washegari da sassafe ya shimfiɗa buzu a gindin darbejiyar da ke tsallaken hanya, daura da ƙofar kamfanin. Ya sa baƙin tabarau wai kada a gane shi, mutumin da duk Wurno ko tarinsa aka ji an san shi ne. Uwaisu ya fito da mota, aka fara lodi. Mainasara yana ƙirga da yatsa, leɓe na motsi. Kwali talatin cif.

Zumuɗi ya hana shi zama. Ya tsallako, ya tambayi Uwaisu nawa ne kwali. Uwaisu ya ce dubu sha biyu. Mainasara ya laluba jaka, sai ya tarar garin sauri ya zo da biro uku da kalkuleta amma ba takarda ko falle ɗaya. Ai kuwa ya jawo kwalin da ke bakin mota, ya kwantar da shi, ya hau rubutu a jikinsa da manyan baƙaƙe. Kwali talatin sau kwana casa'in, kwali dubu biyu da ɗari bakwai. Sau dubu sha biyu, miliyan talatin da biyu da dubu ɗari huɗu. Ya ce saboda shi mutum ne mai tsantseni, kashi ɗaya cikin huɗu kawai zai ɗauka a matsayin riba, miliyan takwas da dubu ɗari ke nan. Kason da Hajiya ta ce za ta ba mai jari ɗaya bisa goma ne. Ya danna, ya sake dannawa, ya ga dubu ɗari takwas da goma. Ya ja layi biyu a ƙasa, ya rattaba hannu da wata irin ƙawa mai jela, ya rubuta kwanan wata.

"Duk wanda ya sayi kwalin ga," in ji shi, yana mayar da murfin biro, "ya samu garin miya, kuma ya samu ilimi kyauta."

Uwaisu ya dubi rubutun, ya dubi mai rubutun, ya mayar da kwalin mazauninsa. Sai da ya tada mota ya leƙo ta taga ya ce, in Malam yana son ƙirgansa ya cika, ya daure ya dawo da la'asar, lokacin da motar ke komowa. Mainasara ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce ƙiyasi aikin safe ne, lokacin da ƙwaƙwalwa ke da sanyi, kuma shi ba ya da lokacin zuwa kallon mota fanko. Gaskiyar magana, bayan azahar Mainasara barci yake yi, barcin da ko gobara aka yi sai dai a fitar da shi da gadon.

Kwana bakwai ya yi a gindin darbejiyar nan. Kullum talatin, ba ragi ba ƙari. A rana ta huɗu ya fara mamakin irin tsarin kamfanin, ya ce ko a Sakkwato bai ga wurin da ciniki ke tafiya daidai wa daida haka ba. Wani mai hankali da a nan zai tsaya ya yi tunani. Furofesa kuwa sai ya ƙara wa Hajiya maki.

Don kada a ce bai yi bincike mai zurfi ba, ranar kasuwar Goronyo ya hau mota ya bi Uwaisu a ɓoye. Ya laɓe bayan wani tulin buhunan gero, ya hango motar kamfani an kafa mata rumfar tamfol, mutane sun yi mata dafifi, ana ta shewa da dariya. Ya ƙirga kawuna sittin da huɗu. Bai matsa kusa ba, wai kada ya ɓata binciken sirri. Da ya matsa, da ya ga rabinsu inuwar tamfol ta tara su, don ranar nan ana zafin da ke narka takalmin roba. Sauran kuma kallon abin mamaki suka zo yi, garin albasa a roba, a tsakiyar kasuwar da albasa ke zube tuli-tuli har akuya ta gaji da ita. Wata tsohuwa ma ta shinshina ta tambayi Uwaisu wane laifi albasar ta yi aka niƙe ta haka. Dariyar da Mainasara ya jiyo ke nan, ya rubuta a tafin hannunsa cewa masu saye suna cikin farin ciki.

Daga Goronyo bai zame ko'ina ba sai gidan Hassana. Ya same ta tana tsince wake a faifai. Ya zazzage mata lissafin duka, ya ce ta kawo buhu ashirin ɗinta a haɗa a sayar, wata uku jarinta ya dawo, daga nan sai kwasar riba har ta gaji.

Hassana ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Mainasara, tun da uwarmu ta haihe ka, ka taɓa sayen albasar miya da kuɗinka?"

Ya ce bai taɓa ba.

"Ni ma haka. Maƙwabtanmu ma haka. To garin albasar, wa ka saye nai?"

Ya ce mata wannan ita ce matsalar mutanen da ba su je bita ba, suna tambayar wa ke saye alhali lissafi ya riga ya nuna ana saye. Ta ce ta ji, amma albasarta ko ɗaya kada ya taɓa, in ya taɓa su haɗu gaban hakimi. Ya tashi yana kaɗa riga, ya ce ranar da ya sayi mota kada ta ce a rage mata hanya. Ta ce ƙafarta lafiya lau take.

Ranar kasuwa ta gaba ya kwashe buhu arba'in ɗinsa ya sayar a dubu ashirin-ashirin. Dillalin da ya saya har sau biyu yana tambayarsa ko wani abu ya faru a gida, don ba ya ganin manomin da ke cikin hayyacinsa zai saki albasa mai kyau haka a wannan lokaci. Mainasara ya ce masa abin ya fi ƙarfin fahimtar dillalai. Ya ɗauki dubu ɗari takwas ya kai wa Hajiya Ruƙayyatu. Ta sake turo masa littafi, ya sake turewa. Aka rubuta yarjejeniya gaban shaidu, Shittu mai shayi na cikinsu. Hajiya ta sa aka karanta masa sharaɗi na ƙarshe a fili har sau biyu, cewa in mai jari ya janye kafin shekara, da kaya za a biya shi, don kuɗin sun riga sun shiga aiki. Mainasara ya ce kayan da ke ƙarewa kullum ai sun fi kuɗi, ya sa hannun nan mai jela.

Wata ukun nan Wurno ta ga ta kanta. Furofesa ya daina zuwa fadama da wuri. Ya je wajen masu sayar da babura ya zauna kan wani ja, ya ce a ajiye masa, daga baya ya koma ya ce a saki, ya yanke shawarar mota zai saya. Ya fara kiran Uwaisu "direbana". In motar kamfani ta wuce da safe sai ya ɗaga mata hannu daga teburin shayi, ya ce wa 'yan majalisa, ga kuɗinsa can sun tafi kiwo. Matarsa Sa'adiya ta yi masa maganar hatsi ya ja baya, ya ce ta yi haƙuri, kwanan nan shinkafa ma sai ta zaɓa.

Ita kuwa albasa tana can tana abin da ta saba. Damina ta kankama, kaya suka yi wuya, buhu ya tashi daga ashirin zuwa talatin, ya wuce arba'in, ya je hamsin da biyar. Hassana ta buɗe rumbu, ta tarar buhu uku sun ruɓe, ta sayar da sha bakwai. Dubu ɗari tara da talatin da biyar ta ƙulle a zaninta, fiye da abin da ƙanenta ya samu a buhu arba'in. Da labarin ya iske Mainasara sai ya dake, ya ce ai wannan canjinsa ne na wata uku.

Ranar da wata uku ta cika, ya sa babbar rigarsa ta Sallah, ya ɗauko wani ƙaton buhun leda mai zif, irin wanda ake zuba kayan tafiya. Ya gayyaci majalisar Shittu kaf su zo kamfani su ga yadda ilimi ke haihuwa. Ya aika wa Hassana ma, don ita ce ya fi so ta gani. Ta kuwa zo, ta sami benci a inuwa ta zauna, tana ɓare gyaɗa.

Hajiya Ruƙayyatu ta yi musu maraba, ta shiga ciki ta fito da wani ɗan ambulan siriri ta miƙa masa. Ya buɗe ya ga dubu tara da ɗari biyar. Ya yi murmushi, ya juya ga jama'a ya ce su ga kamfani mai mutunci, tun kafin a fara biya har an ba shi kuɗin mota. Ya soke ambulan a aljihu, ya buɗe bakin buhu, ya tsaya jira.

Hajiya ta yi gyaran murya.

"Malam, ai shi ke nan. Ribarmu ta wata ukku dubu casa'in da biyar ta. Naka ɗaya bisa goma."

Wallahi da ka ga fuskar Furofesa a lokacin da ka tausaya masa, bayan ka gama dariya. Ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ciro kalkuleta ya danna, ta ba shi amsar da ta saba ba shi, don ita ba ruwanta, abin da ka zuba mata shi take dafawa. Sai ya hau faɗa. Ya ce an cuce shi, ya ce da idonsa ya ga kwali talatin na fita kullum har kwana bakwai, kuma tun daga nan bai ga ranar da motar ta fasa fita ba. Ina kuɗin kwali dubu biyu da ɗari bakwai?

Hajiya ta ce a kira Uwaisu. Ya zo yana goge hannu da tsumma.

"Gaskiya na, talatin muka hita da su," in ji Uwaisu. "Amma ashirin da takwas muka komowa da su. Ran da munka yi sa'a, ashirin da bakwai. Da sahe in cika gurbin biyun da anka saye, in sake hita."

"Mi kake nuhi?"

"Kwalayen da ka gani ran Assabar, su ɗin dai ka gani ran Lahadi, Malam. Ai na ce maka ka zo da la'asar."

Shittu ya juya baya yana tari, kafaɗunsa na rawa. Wani daga cikin 'yan majalisa ya tambaya a hankali, to taron Goronyo fa, kawuna sittin da huɗun da aka yi wata uku ana ba su labari? Uwaisu ya ce ranar roba biyar ya sayar, biyu ma wani baƙo ne ɗan Kudu ya saya, sauran jama'a inuwa suka sha suka watse.

Mainasara ya tuna buhu arba'in ɗinsa. Ya tuna dillalin nan da ke tambayarsa ko lafiya. Ya tuna rumbunsa da babu komai a ciki sai ɓawo, ga taki bai saya ba, ga Sa'adiya na jiran shinkafar zaɓe. Gumi ya jiƙa masa rigar Sallah har baya. Amma girman kai bai bar shi ya yi shiru ba. Ya ce ƙarya ne, haɗa baki aka yi, ba a taɓa yin kwalin da zai yi wata uku yana yawo a mota ba. Ya ce ya janye, a ba shi jarinsa yanzu-yanzu.

Hajiya ta roƙe shi ya bari shekara ta cika, ta ce ta fara samun masu tambaya daga nesa, wataƙila abin ya gyaru. Ya ce ko minti ɗaya. Ta dubi Shittu, Shittu ya share hawayen dariya ya tabbatar da sharaɗin da aka karanta sau biyu. Aka buga lissafi da kalkuletar Mainasara, kuma wannan karon ta faɗi gaskiya, kwali sittin da shida da 'yan robobi. Aka kwaso na ɗakin ajiya ba su isa ba, sai da aka sauke na kan mota aka cika. Aka jibge masa su a harabar kamfanin har sun fi shi tsawo. Mutumin da ya sayar da albasa ɗanya mai tsada, ga shi tsaye gaban albasa niƙaƙƙiya, a garin da ba a sayen albasar miya.

Uwaisu ya koma mota ya ɗauko na ƙarshe. Wannan da hannu biyu ya riƙo shi, a hankali, kamar mai ɗauke da jariri. Kwalin ya koɗe, kusurwoyinsa sun lanƙwashe, an ɗaure shi da igiya don kada gindin ya zube. Ya ce wannan ya fi shi sanin hanyar Rabah, sun yi tafiya tare har sun saba, yana jin kewar rabuwa da shi. Ya ɗora shi a saman tulin, ya juyo da fuskarsa wajen jama'a.

Rubutun yana nan raɗau. Talatin sau casa'in, miliyan talatin da biyu, layi biyu a ƙasa, ga sa hannu mai jela, ga kwanan wata. Uwaisu ya ƙara da cewa a kwana bakwan nan na gindin darbejiya sau biyu yana juyo da rubutun wajen hanya ko Malam zai gane, amma Malam sai dai ya ɗago masa hannu ya ci gaba da ƙirga.

Hassana ta taso daga benci, ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zaninta. Ta sa Shittu ya karanta mata abin da ke jikin kwalin tun daga sama har ƙasa, tana gyaɗa kai. Da ma labarin abin da Furofesa ya faɗa ranar da ya yi rubutun ya daɗe da zagaya gari, don shi da bakinsa ya baza shi. Ta ɗauki kwalin ta ɗora wa ƙanenta a ka, ta gyara masa zama don kada ya faɗi.

"Kai ka ce duk wanda ya saye shi ya samu ilimi kyauta," in ji ta. "To riƙe da kyau, Furofesa. Naka dai ba kyauta ba na, buhu arba'in ka biya."